Hoton da Ka Ɗora Ranar Talata

Surgut, Rasha

Yaya Bahrullo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gulnisa da yara. Ni lafiya lau. Gwiwa ce kawai ke ƙorafi in na ɗauki buhun siminti, amma ba a kula ta.

Na ga ka buɗe Fesbuk, barka. Cikin mako biyu ka nuna wa duniya saniyarmu sau tara. Sai dai ba wanda ya gaya maka cewa abin da ka ɗora har mu nan muna gani.

Ranar Talata ka sa hoton tsakar gidanmu: babbar tukunyar shinkafa a wuta, maza a jere kan benci, kai kuma cikin doguwar riga, ka ɗaure ƙugu da ƙyalle irin na masu makoki. Shekara ashirin na yi ina koyar da adabi kafin in zo nan, Yaya, na iya karanta hoto. Mutum sittin sun rubuta "Allah ya jiƙan ta", kana ta bin su da alamar babban yatsa.

Amma da na kira sai ka ce, "Inna ta leƙa maƙwabta, malam sarkin tambaya, kira gobe." Innar da ta shekara ba ta taka ƙofa ba!

Na sani, a al'adarmu ba a faɗa wa na nesa labarin rasuwa sai ya dawo. Kada ka wahalar da kanka da goge hoton. Ka rubuto mini ranar da ta rasu kawai, in nemi izini a wurin aiki, in iso kafin sadakar arba'in.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙaninka,
Shodmon