Mai Wankin Dutse

Abakaliki, 1954

Zuwa ga Hamma Jalo, Ƙofar Ran, Bauchi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Ina Habibatu da yara? Ni lafiya lau, sai ɗan murɗar cikin da ba ya barin masu aikin dalma. Kada Inna ta ji.

Saƙonka ya iso, wai in dawo gida saboda ana ce mini mai wankin dutse, mai aikin mata. Hamma, ba zan dawo ba. Ƙwarai, rairayar dakakken dutsen dalma nake yi a ruwa, yadda Inna ke raba gero da tsakuwa. Da can ruwa ke kwashe rabin dalmar. Yanzu an kawo tebur mai girgiza, ni nake daidaita shi, dalma ta yi gefe, ƙarfen tutiya ya yi gefe. Baturen da ke kanmu ya so ya ba wani teburin, na ce sai dai a kore ni. Ina nan a kai.

Ga ƙullin tozali daga dutsen da na wanke, a ba Inna. Masu dariya kuwa su dubi idon matansu. Irin wankina ne a ciki.

Allah ya sada mu.

Ƙaninka,
Mansir