Bizar Inna Ta Fito

Mabera, Sakkwato

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya jego, ya ƙarfin jiki? Ya maigidan da jaririya? Mu nan kowa lafiya lau.

Albishirinki, bizar ziyarar Inna ta fito. A wayata na cike takardar ta intanet, amma sau uku ana maido hotonta, wai ba a son murmushi.

Na ce, "Inna, ɗan ɗaure fuska mana."

Ta ce, "Za ni ganin takwarata, mi zai sa in ɓata rai?"

Sai na zolaye ta cewa ba a shiga jirgi da daddawa. Nan take ta haɗe rai, na ɗauka. Wannan hoton aka karɓa.

Ki taya mu addu'a, Allah ya kawo muku ita Alƙahira lafiya. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan jaririya.

Ƙanwarki,
Saratu