Ni na ba malamin jirgi, ni na kai ƙararsa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ni ne da laifi, na faɗa tun farko don kada wani ya ɓata yawunsa wajen gaya mini. Ku sakaya sunana da na garinmu. Masu zagi ku bari in kai ƙarshe tukuna, wanda nake sha a gida ma ya ishe ni.

Ni masunci ne a wani ƙauyen bakin ruwa a ƙasar Ngaski, ina da jiragen kamun kifi. Firamare kawai na yi, da ɗan karatun nan aka naɗa ni ciyaman na ƙungiyar iyaye da malamai. Tun da aka ba mu jiharmu ta Kabi muke jin za a gyara makarantu, amma tamu iska ta kwashe rufinta, malamai kuma wata na bin wata ba albashi. A cikinsu akwai wanda zan kira Malam Garba. Ya same ni a bakin ruwa ya ce, "Ciyaman, gidana yau ko ƙwayar gero babu." Ni da bakina na ce ya ɗauki ƙaramin jirgina da kalli, wato ragar kamun kifi, ya riƙa fita da asuba, abin da ya kamo mu raba yadda mai jirgi da masunci suke yi. Na san wanda ya shiga ruwa da asuba ba zai dawo kafin ƙararrawar makaranta ba. Na sani sarai. Kuma ko tarwaɗa ɗaya ban taɓa yafe masa daga kasona ba.

Ina da ɗiya, Kulu. Sanƙarau ya tafi da jinta tana ƙarama, maganar ma ta bi shi. Ban kai ta makaranta ba, na bar ta a gida tana gyaran kalli, don ba na son a riƙa nuna ta. Ashe uwarta tana tura ta gidan Malam Garba da la'asar, ita da wasu bebayen garin, yana koya musu maganar hannu da rubutu, ba ko kwabo.

Da muka gaji da jiran hukuma, iyaye suka yi karo-karo don yi wa ajujuwa rufi. A wurin taron Malam Garba ya miƙe ya ce a rufa ɗaki ɗaya a bar wa yaran da ba sa ji. Na ce, "Masu kunne ma me suka koya, balle bebaye? Ku malamai ba ku da aiki sai kukan albashi da ƙirƙiro hanyar cin kuɗi." Ya ce, "Ciyaman, da bakinka? Kulu taka ta fi rabin 'yan aji uku iya rubutu, kai kaɗai ne ba ka sani ba." Wani daga baya ya ce, "Ashe ɗiyar Ciyaman ta fi shi boko!" Wuri ya kaure da dariya.

Wace dariya ce ba ta wucewa? Me ya faɗa wanda ba alheri ba? Amma ni a ranar jini ya rufe mini ido. Na je na ɗauko mai duba makarantu, na kai shi bakin ruwa da hantsi, daidai lokacin da Malam Garba yake sauka daga jirgi, wandonsa jagab, yara suna can aji ba malami. A gaban masu sayen kifi na kira shi ɓarawon lokacin 'ya'yan talakawa. Mai duba makarantu ya tambaye shi, "Jirgin wa ye wannan?" Malam Garba ya dube ni, ya ce, "Aro ne." Bai ambaci sunana ba. Aka mayar da shi wata makaranta can a tsibiri, ajin bebaye ya watse.

Uwar Kulu ta ce mini, "Ka ci kifinsa, ka ci mutuncinsa, saura me? Allah dai yana gani." Ita kuwa Kulu, in na shigo sai ta juya mini ƙeya. Wanda bai zauna da bebe ba ba zai gane ba: in ya ɗauke idonsa daga kanka, ya toshe kunne ke nan, ba ta inda za ka shiga. Ta daina rubutu a ƙasa. Hannuwan nan da suke ta magana da uwarta sun koma kan kalli.

Ranar kasuwar da ta wuce na tuƙa jirgi har tsibirin. Matar Malam Garba ce ta fara ganina, ta ce, "A'a, Ciyaman! Kasonka ka biyo har nan?" Da ya fito na durƙusa a zaure, ni da na girme shi, na ce, "Malam, na cuce ka. Jirgina ne, ni na tura ka ruwa, ni na kai ƙararka don an yi mini dariya. Ka yafe mini don Allah, ka dawo wa yaran nan."

Ko tabarma bai ba ni ba. Ya ce, "A gaban masu kifi ka ce mini ɓarawo, a zaure kake ba ni haƙuri? Tara iyayen nan, ka kira mutumin da ka ɗauko, ka gaya musu jirgin wa ye. Ran nan zan nemi a mayar da ni."

In na faɗa, ciyamancin ya tafi, kuma a bakin ruwan nan har in mutu sunana munafuki. In na yi shiru, Kulu ba ta da malami, ni ma ba za ta sake dubana ba. Jama'a, me zan yi?