Ƙorafin Dabo Direba Kan Farfelar Motar Gidan Haihuwa

Daga: Malam Dabo Lawal, direba,
Sabon Gari, Keffi.
13 ga Maris, 1978.

Zuwa ga: Mai Girma Sakataren Ƙaramar Hukumar Keffi,
Jihar Filato.

Game da: Musanya farfelar motar Gidan Haihuwa na Taimakon Juna, da korar direbanta ba bisa ƙa'ida ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, mai wannan ƙorafi yana roƙon a ba shi dama ya bayyana abin da ya same shi.

1. Shekararsa goma sha huɗu yana tuƙa Landirobar gidan haihuwan nan, ƙirar 1964. Kowace Talata yakan kai ungozoma, Sista Magdalena, ƙauyuka da rugagen wajen Agwada don awon masu ciki. A duk shekarun nan abin da ya taɓa bugewa zabuwa ce ɗaya, ita ma ya kai rahotonta.

2. Manajan gidan, Mista Boaz, yana da tasa Landirobar, tsohuwar yayi ta 1955, wadda ya saya a gwanjo. Ranar Litinin, 23 ga Janairu, farfelarta ta gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, ta soma ƙara, alhali yana da biki a Nasarawa a ƙarshen makon. Sai ya umarci mai ƙorafi ya kai motocin biyu garejin Malachi a Sabon Gari a yi musanya, ta asibiti ta koma tasa, tasa ta koma ta asibiti.

3. Malachi ya kwance su, ya jera a ƙasa, ya auna. Ta manaja ta gaza ta asibiti da inci biyu. Ya ce shi ba zai ɗaura ba, kuma ya faɗi haka a gaban mutane. Mai ƙorafi ya koma ofis, ya cire hula, ya isar da wannan bayani cikin ladabi. Manaja ya amsa cewa Landiroba duk Landiroba ce, kamfani ɗaya ya ƙera su, kuma ba a ɗauki direba aiki don ya koya wa manaja lissafi ba. Daga nan aka kai motocin wurin wani mai walda a bayan tasha. Shi ya yanke inci biyu daga farfelar asibiti, ya liƙe ta, ta shiga motar manaja. Gajerar kuwa aka sa ta a motar asibiti, aka ja ta, aka ja ta, har ta kai, tana riƙe da bakin haƙoranta kawai. Manaja ya je biki ya dawo lafiya.

4. Ranar Talata, 14 ga Fabrairu, a wata ruga bayan Agwada, suka tarar da Hamsatu matar Jalo tana naƙuda tun jiya. Sista ta duba ta ce ɗan bai kwanta daidai ba, sai an kai ta Keffi. Aka shimfiɗa ta a bayan mota. A hawan da ke bayan rafi akwai yashi, dole mai ƙorafi ya sa giyar taya huɗu. Da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata farfelar ta zare, ta daki akwatin giya ta fasa shi, mai ya tsiyaye a ƙasa. Mai ƙorafi ba gudu yake yi ba. Mai ɗauke da mace a irin wannan hali ba ya gudu a kan gargada.

A gindin wata ɗorawa Sista ta karɓi haihuwar. Aikin mai ƙorafi shi ne ya riƙe zane ya kare su daga hanya, fuskarsa na kallon daji. Awa biyu ya yi a tsaye a haka. Abin da kunnensa ya ji ba zai shiga takardar hukuma ba. Allah ya sa yarinyar ta zo da rai. Uwar ta zubar da jini da yawa, sai da la'asar wata motar doya ta kwashe su, kuma kwananta goma sha tara a kwance kafin ta iya miƙewa.

5. Ranar Juma'a, 24 ga Fabrairu, aka miƙa masa takardar kora mai layi uku, an ce ya yi tuƙin ganganci ya lalata dukiyar jama'a. Ba wanda ya tambaye shi komai. Tun daga ranar ya je neman aiki wuri uku, ko'ina maganar ta riga shi isa. Shekarunsa hamsin da ɗaya, kuma tuƙi kaɗai ya iya.

Saboda haka yana roƙon Mai Girma ya turo jami'i ya leƙa ƙarƙashin motar manaja, zai ga tabon walda. Gajerar farfelar tana hannun mai ƙorafi, zai kawo ta duk ranar da aka kira shi. Malachi da Sista Magdalena sun yarda su ba da shaida, Jalo ma ya ce ko a ƙafa zai zo. Yana roƙon a soke takardar korar, a wanke sunansa.

Idan hukuma ta ga ba za a mayar da shi ba, ya haƙura. Amma motar tana nan a kan duwatsu a bayan gidan haihuwa, Talata uku ke nan ba wanda ya je Agwada, kuma Sista ta ce mata shida ne a can za su haihu kafin ruwan farko. A gyara ta da farfelar da ta dace da ita, a ba duk direban da aka ga dama. Mai ƙorafi zai nuna masa hanya.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Dabo Lawal (ya dangwala yatsa)

Idris mai rubuta wasiƙu ya rubuta, ya karanta masa, ya ce haka ne.