Tiyon Idi ya bi ta ƙofata

Zuwa ga ƙanena Isufu a Abijan,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, yaya baƙunta? Mu nan Tawa sai godiya, ko da yake bana ma hatsi bai yi ba.

Kuɗin da ka aiko wa ƙanenmu Idi sun yi aiki. Ya ja famfo, ya kuma binne tiyo daga makewayinsa har babbar kwata, ta bakin ƙofata. Kullum ina jin ruwansa na wucewa ƙarƙashin tabarmata.

Na kira magini ya ƙiyasta mini kuɗin haɗa tawa magudana da tiyon. Ya auna da taku, ya ce kamar kuɗin akuya biyu. Sai ya tambaye ni tulu nawa muke zubarwa a yini, don ya san kaurin tiyon da zai sa. Ruwan wankanmu a tasa muke tare shi, jaki ya sha.

Ba roƙo nake ba, amma ni na goye ka, ba Idi ba.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya ba mu damina. Gai da Hadiza da yara. Idi ma zai gaishe ka, shi da ke da dalili.

Yayanka,
Mamman