Man da na saya a kemis ya zama abin tsegumi a gidan suna

Hajiya Mamuna, don girman Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake. Ni mace ce da ta aurar da 'ya'ya, ina da jikoki, ina zaune a Zangon Kumasi da maigidana, kafinta ne mai aiki a unguwar Anloga. Tun da jinin al'ada ya ɗauke mini jikina ya sake. Ni'ima ta tafi, sai bushewa, kwanciyar aure ta koma mini kamar ana goga barkono a kan gyambo. Na yi ta daurewa ina cizon filo, daga baya na shiga ƙirƙiro ciwon baya da ciwon kai. Bawan Allah bai taɓa yi mini faɗa ba. Ya ɗauki tabarmarsa ya koma falo, wai zafi ya yi yawa a ɗaki. Na san ba zafi ba ne, yana ganin na gaji da shi ne.

Yayarsa, Hajiya Barkisu, mai sayar da kayan mata ce. Ta lura, ta kawo mini wani ƙullin maganin matsi mai warin citta. Hajiya, mai kukan bushewa aka ba abin da ke ƙara busarwa! Na kwana biyu ina tafiya kamar agwagwa. A asibiti wata nas ta ce wannan ba cuta ba ce, shekaru ne, ta ce in nemi man shafawa mai ruwa-ruwa da aka yi don ma'aurata. Don kunya ban saya a unguwarmu ba, sai da na hau trotro, motar haya, har wani kemis a Ashanti New Town inda ba wanda ya san ni.

Na ɓoye shi a ƙarƙashin zannuwa, ko buɗewa ban yi ba, ina neman bakin da zan gaya wa maigida. Ranar sunan jikar maƙwabciyarmu Barkisu ta shiga akwatina neman ɗankwalin yayi, wato atamfar da muka ɗinka iri ɗaya, ta ci karo da shi. Kafin a sauke tukunyar shinkafa duk matan gidan suna sun ji cewa na tsufa ina sayen kayan matan banza. Wata har tana tambaya ta ko sabon ango na yi. Yanzu tsorona kada maganar ta kai Anloga kafin ni in kai ta. In jefar da shi ne in je in ba Barkisu haƙuri, ko in ci mutuncinta yadda ta ci nawa?

Matar Kafinta, Zango

*

'Yar'uwa Matar Kafinta, sannu. Zauna ki sha ruwa tukuna, fushin nan naki na taya ki ɗaukar rabinsa.

Ni dai abin da ke ba ni haushi da mu matan Zango shi ne, gwiwa ta yi ciwo mu shafa man zafi a tsakar gida kowa na kallo, ido ya dushe mu sa tabarau mu tafi Makka da shi, amma wurin da aure ke zaune ya bushe sai mu ce shiru shi ne mutunci. Wane malami ne ya ce azaba tana cikin sharuɗɗan aure? Abin da kika saya don mijinki na halal kika saya. Ba ki yi abin ba da haƙuri ba, kuma wadda ta buɗe akwatin da ba nata ba ta kai abin da ta gani gidan suna, ita ce ke da bashin haƙuri.

Amma kada ki je ki zage ta. Barkisu ta girme ki, abin da ya same ki ya riga ya same ta, kuma ita abin da ta gada shi ta sani. Ki same ta ita kaɗai, ki gaya mata ta ɓata miki, ki tashi.

Ke ma ga naki. Kin iya hawa mota zuwa wata unguwa, kin kasa taka ƙafa daga ɗaki zuwa falo. Mutumin nan yana kan tabarma yana zargin kansa. Yau ɗin nan, bayan ya ci tuwo, ki gaya masa ciwo ne ya kore ki, ba ƙiyayya ba, ki ɗora masa abin a hannu. Kafinta ne fa. In aljihun tebur ya cije ba ya dukansa da guduma, kyandir yake goga masa. Zai gane da wuri fiye da yadda kike tsoro.

Man kuwa, ki tsaya kan mai ruwa-ruwan da nas ta faɗa, marar turare, marar yaji. Ki fara gwada kaɗan a hannu, in ya yi ƙaiƙayi ki canza wani. Ki bar basilin da man girki da duk wani ƙulli. In zafin bai daina ba, ko kika ga jini, ki koma asibiti, kada ki jira. Kuma ki ce masa ya bi a hankali, ba kasuwar Kejetia za shi ba.

Sunan kemis ɗin nan kuma kada ki manta shi. Cikin waɗanda suka yi miki dariya, akwai wadda za ta zo aron gishiri ta tsaya tana kame-kame a bakin ƙofa. Ki gaya mata ba tare da gori ba. Allah ya naɗe tabarmar falo, ya ba ku lafiya da zaman daɗi.

Hajiya Mamuna