Sarƙar Tsofaffin Kwabbai

Nima, Ankara ta ƙasar Gana
Watan Sha'aban, 1961

Zuwa ga Sanatu, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta tsaya a ka, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya, mai murmushin da ya sa na yi ta sayen albasa har ta tsiro a ƙarƙashin gadona. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya. Shi kuma wanda zai karanta miki wannan takarda, ya ji tsoron Allah, kada ya tsallake layi, kada kuma ya yi dariya sai ya kai ƙarshe.

Bayan haka, ƙullin da kika ba Braimah direba ya iso. Ya same ni a rumfar gyaran keke a Adabraka, hannuna duk baƙin mai, ya ajiye mini a kan benci ya ce daga Bawku. Tun ban kwance ba na gane bakin zanenki ne, shuɗin nan mai ɗigo-ɗigo. Da na kwance sai ga kwabbai masu huda da aninai, tsofaffi, har sun yi kore, sun ma fi abin da nake bukata. Na kakkaɓe ƙyallen, na juya shi, na tambayi Braimah ko akwai saƙon baka. Ya ce kin dai ce a ba Ɗanbala ya ƙarasa aikinsa. In ƙarasa, Sanatu? In na ƙarasa kuma sai me?

Kin tuna yadda abin ya fara? Lokacin nan da aka fito da sabon kuɗi, tsohon kwabo ya koma ƙarfe kawai, ko ƙosai ba ya saya. Na zo kasuwar albasa ta Agbogbloshie na tarar da goggonki Mma Fatu tana miki faɗa, wai wani ya cusa miki mataccen kwabo cikin ciniki kin karɓa. Ta ɗaga hannu za ta wurga shi kwata, na ce a ba ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce dama masu keke ba su cika hankali ba. Na tafi da shi gida, na jiƙa shi a lemun tsami, na goge da toka, na bi gefensa da magagari a hankali har ya rage tauraron nan da ke jikinsa kaɗai, da hudarsa a tsakiya. Da na gama na kawo na mayar miki. Kin ɗaga shi sama kamar mai duba ƙwai, kika rufe ido ɗaya, kika kalle ni ta cikin hudar. Wallahi tun daga ranar ban sake zama mutum mai cikakkiyar natsuwa ba.

Daga nan sai ya zama duk zuwana akwai kwabo ɗaya ko anini a bakin zanenki. Ki kwance, ki sa mini a tafin hannu, yatsunki masu ƙanshin albasa su ɗan taɓa ni, ki ɗauke kai kamar ba ke ba. Mma Fatu ta yi ta mamakin yadda yarinya mai ido irin naki ta zama kowa cutar ta yake yi. Ni ban taɓa yarda cutar ki ake yi ba. Ko kuwa ni ne na ruɗi kaina?

Kowane ɗaya da kika ba ni na zauna da shi bayan la'asar a ƙofar ɗakina, da guntun ƙarfen dogo a tsakanin ƙafafuna da 'yar guduma, ina bugu ƙwas-ƙwas har Tani mai gidanmu ta ce ita mai gyaran keke ta ba haya, ba maƙeri ba. Na fitar da taurarin, na haɗa su da wayar jan ƙarfe, manya a tsakiya, aninai suna bi ta gefe. Na kuma yi wa kaina alkawari cewa babu kwabo ko aninin da zai shiga wannan sarƙa sai wanda ya fito daga hannunki zuwa nawa. Wasiu abokin aikina ya kawo mini kwabbai cike da gwangwanin madara, na yi wa matarsa 'yan kunne, na yi wa jakarsa maɓalli, amma ko ɗaya bai kusanci taki ba. Saura kamar faɗin tafin hannu sarƙar ta rufe aka aiko daga Bawku mahaifiyarki ba lafiya, na raka ki tashar Tudu, kika ce da ta miƙe za ki dawo.

Damina ta wuce, Sanatu. Kwatar Nima ta cika ta janye. Braimah ya ce tsohuwa ta miƙe, har kasuwa take zuwa da ƙafarta, na yi hamdala. Sai Mma Fatu ta ce mini, tana auna albasa ko kallona ba ta yi, wai kin sami rumfa a kasuwar Bawku, ciniki ya karɓe ki. Na yi miki murna a baki, na koma gida ban iya cin tuwo ba. Ina kewarki. Ina kewarki da safe idan na bi ta unguwar Maamobi masu koko suna hura wuta, ina kewarki da rana idan wata mai shuɗin zane ta gifta, in bar taya a ruwa ina bin ta da ido. Sarƙar tana rataye a ƙusa a saman gadona, bakinta biyu a buɗe. Idan iskar teku ta shigo ta taga taurarin su yi ta ƙara a hankali, ni kuma in yi ta juya kai wajen ƙofa.

Na san alheri kika nufa. Kin bi tsofaffin Bawku gida-gida kin tattaro, don kada aikina ya tsaya. Amma ya ke hasken raina, yaushe na taɓa rasa kwabo? Abin da nake tsoro shi ne wannan: in zauna mako guda in rufe sarƙar, in naɗe ta, in ba Braimah, ta hau mota ta tafi arewa, ki sa a wuya ranar Salla kowa ya yaba, shi ke nan. Babu sauran abin da zai kawo ki Ankara, ni kuma babu sauran abin da zan jira bayan la'asar.

Saboda haka ga ƙullinki nan na mayar, na ɗaure shi yadda kika ɗaure, ban cire ko anini ba. Kada ki ɗauka raini ne. Ki kawo su da kanki, ki riƙa ba ni ɗaya-ɗaya kamar dā, ko da za mu kai furfura ba mu gama ba. Na riga na yi wa dattawan masallacinmu magana, sun ce ranar da kika sauka, washegari suna gidan Mma Fatu da goro. In kuma zuciyarki ta zauna a Bawku, ki faɗa mini a fili, ba zan riƙe ki da mugun nufi ba. Sarƙar dai za ta tsufa a kan ƙusarta yadda kika bar ta, ba wuyan da zai gan ta.

Motocin sabuwar albasa sun fara saukowa. Duk ranar da aka ce ta Bawku na hanya, za ki same ni a Tudu, na wanke hannuna da sabulu tas, na buɗe shi.

Naki, yau da gobe, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,
Ɗanbala mai keke